Magungunan Antioksidan da Cututtukan Lalacewar Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta fi kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma ita kaɗai take shanye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita a lokacin hutu. Da wannan iska ƙwayoyin jijiya suke ƙona sukari su sami ƙarfin aika saƙo, ko mutum na barci ko yana farke. Ƙonawar tana gudana ne a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin sassa na kowace ƙwaya, waɗanda ake kira mitokondiriya. A nan ake miƙa elektiron daga wannan furotin zuwa wancan har ya isa ga oksijin, a mayar da shi ruwa. Galibi aikin yana tafiya daidai. Sai dai kamar yadda murhu ba ya rasa tartsatsi, haka wani ɗan kaso na elektiron yake kuɓucewa tun ba a kai ƙarshen hanya ba, ya faɗa wa oksijin, a sami wani sinadari marar natsuwa mai suna sufa'oksayid.

Sufa'oksayid yana cikin jinsin da ake kira radikal, wato sinadaran da ke ɗauke da elektiron tilo marar abokin zama, waɗanda ba sa lafawa sai sun fizgo wani daga abin da ke kusa da su. Daga gare shi ake samun haidurojin feroksayid. Idan wannan kuma ya gamu da sinadarin ƙarfe, sai ya haifar da radikal ɗin haidiroksil, mafi ɓarna a cikinsu, wanda ke kai wa kitse da furotin da ƙwayoyin gado hari ba zaɓe. Tun a 1894 masanin sinadarai na Birtaniya Henry Fenton ya lura da wannan aiki na ƙarfe, shi ya sa har yau ake kiran haɗuwar da sunansa.

Jiki yana da nasa garkuwa. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke a Amurka suka gano enzayim ɗin SOD, wanda aikinsa kawai shi ne kawar da sufa'oksayid. Akwai kuma katales, mai fasa haidurojin feroksayid ya zama ruwa da oksijin. Duk wanda ya taɓa ganin an zuba ruwan haidurojin a kan rauni yana tafarfasa da farin kumfa, aikin katales ya gani da idonsa. Sai gulutatayon, wanda ƙwayoyin jiki ke ƙerawa da yawan gaske, da bitamin E da ke zaune cikin kitsen fatar ƙwaya, da bitamin C da ke cikin ruwanta. Dukkansu ana kiran su antioksidan. Muddin ɓarna da kariya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu damuwa. Matsala tana tasowa ne idan ɓarna ta rinjayi kariya na dogon lokaci.

Abin da ya sa aka zargi oksijin

Ƙwaƙwalwa ta fi sauran gaɓoɓi rauni ta wannan fuska. Kimanin rabin busasshen nauyinta kitse ne, kuma mai yawa daga cikinsa irin kitsen nan ne da radikal ke saurin kamawa, wanda idan ɓarna ta fara a ƙwaya ɗaya tasa sai ta bi jere daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Wannan ne dai aikin da ke sa man girki ya canja wari da ɗanɗano idan ya daɗe a buɗe. Wasu sassan ƙwaƙwalwa suna tara ƙarfe yayin da shekaru ke tafiya, katales ɗinta kuma bai kai na hanta yawa ba. Babbar musibar ita ce mafi yawan ƙwayoyin jijiya ba sa rarrabuwa su sabunta kansu. Ƙwayar da aka haifi mutum da ita, ita ce zai kai shekara tamanin da ita, da duk tabon da ta kwasa a hanya.

A 1956 Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa tsufa kansa tarin ɓarnar radikal ne. Tun da kuwa cutar Alzheimer da cutar Parkinson da makamantansu sun fi kama tsofaffi, ba a daɗe ba aka fara danganta su da wannan ra'ayi. Binciken ƙwaƙwalwar mamata ya ƙarfafa zargin. A ɓangaren da cutar Parkinson ke cinyewa, wani baƙin yanki a tushen ƙwaƙwalwa inda ake ƙera sinadarin dopamin, an tarar ƙarfe ya ƙaru, gulutatayon ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100, ga kuma alamun ruɓaɓɓen kitse. Shi kansa dopamin, idan enzayim ɗin MAO yana fasa shi, haidurojin feroksayid yake fitarwa. A ƙwaƙwalwar masu Alzheimer da lakar masu cutar ALS, mai shanye tsokoki sannu a hankali, an ga irin waɗannan alamu.

Abubuwa biyu suka ƙara wa zargin nauyi. A 1982, a arewacin Kalifoniya, aka kawo wasu matasa asibiti jikinsu ya sandare, ba sa iya motsi ko magana, bayan sun yi wa kansu allurar wata hodar maye ta haɗin gida. Likita William Langston ya gane cewa alamun cutar Parkinson ne tsaf, aka kuma gano gurɓataccen sinadarin da ya jawo haka, MPTP. A cikin ƙwaƙwalwa enzayim ɗin MAO-B yana juya shi ya zama guba mai shiga ƙwayoyin dopamin ta toshe matakin farko na aikin mitokondiriya. Na biyu, a 1993 aka gano cewa wasu iyalai masu gadon ALS suna da tangarɗa a ƙwayar gadon SOD1, wato enzayim ɗin nan mai kawar da sufa'oksayid. A lokacin, mutane da yawa sun ɗauka magana ta ƙare: garkuwa ta lalace, radikal sun ci karensu babu babbaka, magani kuwa shi ne a ƙaro antioksidan daga waje.

Labarin SOD1 bai tsaya nan ba. Da aka samar da ɓerayen da aka cire musu enzayim ɗin ɗungurungum, ba su kamu da ALS ba. Waɗanda suka kamu su ne masu ɗauke da gurɓataccen nau'insa, ko da yana aikinsa na kawar da radikal. Ashe furotin ɗin ne ke nannaɗewa ba daidai ba, ya dunƙule ya zama guba. Wannan ya bar tambayar da har yau take tsakiyar fagen: ɓarnar oksijin ita ce ke kashe ƙwayar jijiya, ko kuwa alama ce da ke bayyana a jikin ƙwayar da wani abu dabam ya riga ya kama?

Zamanin bitamin E

Buƙatar magani ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasu Alzheimer ce, kuma a 2019 masu Parkinson sun haura miliyan 8.5. Galibin magungunan da ake da su, irin su levodopa, suna sassauta alamu ne, ba sa hana ƙwayoyi ci gaba da mutuwa. Bitamin E kuwa ga arha, ga shi an san shi, don haka da shi aka fara.

Babban gwaji na farko shi ne DATATOP, wanda aka fara a 1987 a Amurka da Kanada da mutum 800 da ke farkon cutar Parkinson. Wasu an ba su bitamin E har awo 2,000 a rana, wasu maganin selegiline mai toshe MAO-B, wasu duka biyun, wasu kuma filasibo, wato ƙwayar da babu magani a cikinta. Rahoton ƙarshe na 1993 ya nuna bitamin E bai tsinana komai ba. Selegiline ya jinkirta buƙatar levodopa da kimanin wata tara, amma tun da shi kansa yana ɗan ɗaga dopamin a ƙwaƙwalwa, ba a iya rarrabewa ko kare ƙwayoyi ya yi ko kuwa rufe alamu kawai. Wannan ruɗani na bambance kariya da sassauci ya bi kusan duk gwajin da ya biyo baya.

A fagen Alzheimer sakamakon ya zo a cakuɗe. Gwajin Mary Sano da abokan aikinta na 1997, mai mutum 341, ya nuna bitamin E yana jinkirta kai majinyaci gidan jinya da rasa ikon kula da kansa. Wani na 2005, mai mutum 769 da mantuwarsu ba ta yi nisa ba, bai ga amfani ba. A 2014 gwajin TEAM-AD, da aka yi da tsofaffin sojojin Amurka 613, kusan duka maza, ya sami jinkirin kimanin wata shida wajen taɓarɓarewar ayyukan yau da kullum kamar wanka da sa tufafi, amma tunani bai gyaru ba. A gefe guda kuma, wani nazari na 2005 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna alamar ƙaruwar mace-mace ga masu shan awo 400 ko fiye a kullum, gwajin SELECT kuma ya ba da rahoto a 2011 cewa sankarar furostet ta ƙaru da kashi 17 cikin 100 a maza masu shan bitamin ɗin. Ganyen ginkgo, wanda aka gwada a tsofaffi fiye da 3,000, bai hana mantuwa ba. Sinadarin CoQ10 ya ba da fata a ƙaramin gwaji na mutum 80 a 2002, amma da aka faɗaɗa zuwa mutum 600 masu Parkinson, da wasu 609 masu cutar Huntington, sai aka dakatar da duka biyun kafin lokaci, don babu alamar za a ci nasara.

Akwai cuta guda da bitamin E ke yi wa aiki ƙarara, kuma tana da muhimmanci wajen fahimtar sauran. Likitoci a Tunisiya, ƙarƙashin Mongi Ben Hamida, sun bibiyi wasu iyalai da 'ya'yansu ke fara tangaɗi wajen tafiya tun suna ƙanana. A 1995 aka gano cewa furotin ɗin hanta mai ɗora bitamin E a kan jini ne ya lalace musu ta gado, saboda haka jijiyoyinsu ke zaune babu shi. Idan aka ba irin waɗannan yara bitamin ɗin da yawa kuma da wuri, cutar takan tsaya. A nan an san ainihin abin da ya ɓace, an san wanda ya rasa shi, an kuma mayar masa. Mai Alzheimer ko Parkinson ba shi da irin wannan giɓi.

Daga kwalbar gwaji zuwa jikin mutum

Hanyar da aka fi bi wajen tantance sabon sinadari tana da sauƙi ƙwarai. Akwai wani radikal mai suna DPPH, wanda idan aka narkar da shi a cikin giyar gwaji yake ba da launin shunayya mai duhu. Sai a ɗiga sinadarin da ake so a gwada, a ajiye kwalbar a duhu na rabin sa'a. In sinadarin yana ba da elektiron, launin zai koɗe ya koma ruwan ɗorawa, na'ura kuma ta auna yawan koɗewar. Ɗakunan bincike a ko'ina, har da na jami'o'in Najeriya, sun yi wannan gwaji a kan zogale da zoɓo da kurkum da ɗaruruwan tsirrai, kuma kusan duk tsiron da ke da sinadaran fenol yakan ci jarrabawar. Gwajin gaskiya yake faɗa, sai dai a kan kwalba yake magana. Kurkumin, sinadarin da ke ba kurkum launinsa, misali ne sananne: yana haskawa a gwaje-gwajen ɗakin bincike, amma hanji ba ya tsotsarsa sosai, hanta tana saurin sarrafa shi, kuma gwajinsa a masu Alzheimer bai nuna amfani ba. Duk rahoton da ya tsaya a matakin DPPH sannan ya yi maganar warkar da mantuwa ya yi azarɓaɓi.

Cikas na farko a jiki shi ne shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 Paul Ehrlich ya ga cewa rinin da aka yi wa dabba allurarsa yana rina duk gaɓoɓi ban da ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa a manne suke da juna babu kafa, suna kuma da famfuna masu tofo baƙon sinadari waje. Abin da ke iya ratsawa galibi ƙaramin sinadari ne mai ɗan narkewa a kitse. Mai haɗa magani yana cikin tsaka mai wuya a nan, domin ɓangarorin da ke ba sinadari ikon kama radikal, su ne sau da yawa ke sa ya fi son ruwa, su ne kuma hanta ke fara kamawa don fitar da shi.

Cikas na biyu, wanda aka daɗe ba a ba shi nauyin da ya kamata ba, lissafi ne na sauri da yawa. Radikal ɗin haidiroksil ba ya rayuwa fiye da kimanin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, kuma abin da ya fara karo da shi, shi yake lalatawa. Kafin magani ya tare shi, sai yawansa a cikin ƙwaya ya yi gogayya da dukkan furotin da kitsen da ke wurin, abin da ba zai yiwu ba. Sufa'oksayid kuma SOD ya riga kowa, domin yana cikin enzayim mafiya sauri da aka sani. Gulutatayon da ƙwaya ke ƙerawa da kanta yakan ninka abin da magani ke iya kaiwa ƙwaƙwalwa sau ɗaruruwa ko dubbai. Wurin da kamun radikal kai tsaye yake da ma'ana sosai shi ne cikin kitsen fatar ƙwaya, inda ɓarna ke tafiya a jere a hankali, har sinadari ɗaya zai iya katse ta.

Na uku, ba duk sinadaran oksijin ne abokan gaba ba. Fararen ƙwayoyin jini da gangan suke ƙera sufa'oksayid su kashe ƙwayoyin cuta, yaran da aka haifa ba su da wannan iko kuwa ba sa rabuwa da miyagun cututtuka. Haidurojin feroksayid kaɗan saƙo ne da ƙwayoyi ke amfani da shi wajen daidaita ayyukansu. A 2009 Michael Ristow da abokansa a Jamus suka nuna cewa samarin da ke shan bitamin C da E yayin atisaye sun rasa wani ɓangare na amfanin motsa jikin ga sarrafa sukari.

Sai batun ɓeraye. Ɓeran da aka dasa wa gurɓataccen SOD1 a 1994 ya zama ma'aunin gwada magungunan ALS, an kuma buga rahotanni da dama na sinadaran da suka tsawaita masa rai. A 2008 wata cibiyar binciken ALS da ke jihar Massachusetts ta sake gwada fitattu daga cikinsu, da ɓeraye masu yawa, a daidaita maza da mata da 'yan ciki ɗaya, ba tare da mai auna sakamako ya san wanda aka ba magani ba. Amfanin ya ɓace. Ga kuma bambancin lokaci: ɓera akan fara ba shi magani kafin ciwo ya bayyana, mutum kuwa ba ya zuwa asibiti sai hannu ya fara karkarwa, lokacin da kimanin rabin ƙwayoyin dopamin ko fiye sun riga sun tafi.

Kai magani inda wuta take

Amsar farko ga waɗannan matsaloli ita ce a kai antioksidan cikin mitokondiriya kanta. A ƙarshen shekarun 1990, Michael Murphy da Robin Smith na Jami'ar Otago a ƙasar Niyu Zilan suka ɗaure ɓangaren CoQ10 mai aiki da wani sinadari mai cajin lantarki. Tun da cikin mitokondiriya yana da kishiyar wannan caji, sai ya riƙa jawo maganin, ya taru a ciki ninki ɗaruruwa. Suka sa masa suna MitoQ. Dabara ce mai kyau ta fuskar ilimin sinadarai, ta kuma yi aiki a dabbobi. Amma gwajin mutum 128 masu sabuwar cutar Parkinson a Niyu Zilan da Ostireliya, na tsawon shekara guda, wanda aka buga a 2010, bai nuna bambanci da filasibo ba.

Edaravone ya fi kowane maganin kama radikal nisa a wannan tafiya. Kamfanin Mitsubishi na Japan ne ya samar da shi, aka amince da shi a can a 2001 don shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiyar jini. Gwajinsa na farko mai girma a ALS, da mutum sama da 200, bai yi nasara ba. Da masu binciken suka koma cikin bayanan, sai suka ga kamar wani rukuni ya amfana: waɗanda ciwonsu bai wuce shekara biyu ba, numfashinsu na da ƙarfi, kuma har yanzu suna iya yawancin ayyukansu. Irin wannan tono na bayan fage ba hujja ba ne, sun kuma yi abin da ya dace, wato suka shirya sabon gwaji da irin waɗannan majinyata kaɗai, mutum 137, na mako 24. Ana auna ALS da ma'auni mai maki 48, wanda ke duba magana da haɗiya da rubutu da hawan bene da numfashi da sauransu. Masu filasibo sun rasa maki 7.5, masu edaravone maki 5. A kan wannan Japan ta amince da shi a 2015, Amurka kuma a watan Mayun 2017.

Ga majinyaci, abin ba wasa ba ne. Ƙarin ruwa ne na sa'a guda ta jijiya, kullum har kwana 14 a zagayen farko, a huta kwana 14, sannan kwana 10 cikin 14 a kowane zagaye da ke biye, a sake hutun kwana 14, haka har illa masha Allah. Sai a 2022 aka fito da nau'in sha. Hukumar magunguna ta Turai ba ta gamsu da gajeren gwaji ɗaya a ƙasa ɗaya ba, kamfanin ya janye buƙatarsa a 2019. Wani nazari a cibiyoyin Jamus da aka buga a 2022 bai ga bambanci na dogon lokaci ba, wani gwajin nau'in sha da kamfanin Ferrer na Sifaniya ya yi shi ma ya faɗi a farkon 2024. Adalcin magana shi ne, in edaravone yana da amfani, ƙarami ne kuma ga rukuni ƙunci.

Tayar da garkuwar ƙwaya

Sauyin tunani mafi girma ya zo ne ta wata hanya dabam. A 1992 Paul Talalay na Jami'ar Johns Hopkins ya ware sinadarin sulforafen daga burokoli, ɗan uwan kabeji. Sulforafen ba ya kama radikal. Hasali ma ɗan tsokana ne mai sauƙi, wanda ke sa ƙwaya ta ƙara ƙera nata enzayim na kariya. Yadda hakan ke faruwa ya fito fili bayan an gano furotin ɗin Nrf2 a 1994, sannan ɗakin binciken Masayuki Yamamoto a Japan ya gano abokinsa Keap1 a 1999. A zaman lafiya Keap1 yana riƙe Nrf2 ya miƙa shi a rushe cikin 'yan mintoci. Idan sinadari mai tsokana ya taɓa wasu wurare masu sulfa a jikin Keap1, riƙon sai ya saki, Nrf2 ya shiga cibiyar ƙwaya ya kunna ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa, ciki har da masu ƙera gulutatayon. Fa'idar a fili take ta fuskar lissafin da aka ambata: sinadarin kama radikal yana aiki sau ɗaya ya ƙare, enzayim kuwa yana maimaita aikinsa ba iyaka, a daidai wurin da ƙwaya take buƙatarsa.

Magani biyu sun fito ta wannan ƙofa. Dimethyl fumarate, wanda danginsa aka daɗe ana ba masu cutar fata ta soriyasis a Jamus, ya sami amincewar Amurka a 2013 don cutar MS mai cin rigar jijiyoyi, ko da yake wani babban ɓangare na aikinsa a kan garkuwar jiki ne. Na biyu shi ne omaveloxolone, daga dangin sinadaran da Michael Sporn da abokansa na Kwalejin Dartmouth suka ƙera ta hanyar gyara wani sinadari da ake samu a ganyen zaitun. An gwada shi a cutar tangaɗi ta Friedreich, wadda likitan Jamus Nikolaus Friedreich ya bayyana a 1863. Cuta ce ta gado da ke farawa galibi a ƙuruciya, ta kai mutum ga keken guragu, ta kuma taɓa zuciya. A 1996 aka gano tushenta: ƙarancin furotin ɗin frataxin, wanda rashinsa ke sa ƙarfe ya taru a mitokondiriya. A nan ɓarnar oksijin tana kusa da tushen ciwon, kuma an nuna cewa hanyar Nrf2 ta yi sanyi a ƙwayoyin majinyatan. A gwajin MOXIe, mai mutum 103 na mako 48, an sami tazarar maki 2.4 a ma'aunin tsananin cutar tsakanin masu magani da masu filasibo. A watan Fabrairun 2023 Amurka ta amince da shi ga 'yan shekara 16 zuwa sama, ya zama magani na farko da aka amince da shi a can don wannan cuta.

Ba warkarwa yake yi ba, yana rage gudun ciwon ne, kuma dole a riƙa duba hantar mai shansa. Hanyar kanta tana da haɗari. Ɗan uwansa bardoxolone an dakatar da babban gwajinsa a masu ciwon ƙoda a 2012 saboda ciwon zuciya da ya ƙaru, wasu nau'o'in sankara kuma suna kunna Nrf2 ne don su kare kansu daga magani.

Ƙarfe, da abin da awo ke ɓoyewa

Tun da ƙarfe ne ke haifar da radikal mafi muni, an yi tunanin a zare shi daga ƙwaƙwalwa. Deferiprone, maganin da ake ba masu yawan karɓar ƙarin jini don rage musu ƙarfe, yana ratsa shingen ƙwaƙwalwa. David Devos na birnin Lille a Faransa ya jagoranci gwajinsa a mutum 372 da aka gano musu Parkinson ba su fara levodopa ba. Sakamakon ya fito a 2022. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙarfe ya ragu kamar yadda aka so, amma majinyatan sun ƙara taɓarɓarewa: cikin mako 36, kashi 22 cikin 100 na masu maganin sun buƙaci a fara musu maganin dopamin, a masu filasibo kuwa ba su kai kashi 3 ba. Bayanin da ya fi kusa shi ne enzayim ɗin da ke ƙera dopamin shi ma da ƙarfe yake aiki. Wani ƙaramin gwaji a masu Alzheimer a Ostireliya ya ba da irin wannan sakamako a 2024.

Ba wannan ne kaɗai karon da awo ya gyaru majinyaci bai gyaru ba. An lura cewa masu yawan sinadarin yuret a jini, wanda antioksidan ne na halitta, ba su cika kamuwa da Parkinson ba. Da aka ɗaga shi da maganin inosine a gwajin mutum 298, yuret ya hau, cutar ba ta sassauta ba, tsakuwar ƙoda ta ƙaru. A 2012 wani gwaji na mutum 78 masu Alzheimer ya nuna haɗin bitamin E da C da sinadarin lipoik ya rage alamar ruɓewar kitse a ruwan laka da kashi 19 cikin 100, amma makin tunaninsu ya fi na masu filasibo saurin faɗuwa.

Duk da haka binciken ƙarfe da kitse bai mutu ba. A 2012 Scott Dixon da Brent Stockwell na Jami'ar Columbia suka bayyana wani nau'in mutuwar ƙwaya da suka kira ferotosis, inda ƙarfe ke hura ruɓewar kitsen fatar ƙwaya har ta fashe, idan enzayim ɗin GPX4 mai gadin wurin ya gaza. Wannan ya faɗo daidai inda lissafi ya ce kamun radikal zai iya tasiri. An samar da sinadarai irin su ferrostatin-1 da liproxstatin-1, masu katse wannan ɓarna da ƙarfin da ya fi na bitamin E nesa ba kusa ba. Na farkon ba ya daɗewa a jini, don haka aikin masu haɗa magani ya koma ga ƙera nau'o'in da za su jure hanta su kuma ratsa shingen ƙwaƙwalwa.

Ɗaya ɓangaren da ake matsa wa lamba shi ne na lokaci. Idan ƙwayar jijiya ta lalace, wani furotin na cikinta mai suna niyurofilamen yana tsiyayowa cikin ruwan laka da jini, kuma na'urorin yanzu suna iya auna shi. Wannan awo ya bambanta da na baya, domin mutuwar jijiyar yake nunawa, ba yawan radikal ba. A kansa Amurka ta dogara a watan Afrilun 2023 wajen ba da izinin gaggawa ga tofersen, maganin da ake yi wa allura a laka don rage ƙera gurɓataccen SOD1, wanda ya shafi kimanin kashi 2 cikin 100 na masu ALS. A gwajin ATLAS, wanda aka fara a 2021, ana bibiyar mutanen da suka gaji tangarɗar SOD1 alhali suna cikin ƙoshin lafiya, ana ɗibar jininsu a kai a kai. Da zarar niyurofilamen ya haura wani mataki, sai a shigar da mutum matakin karɓar magani ko filasibo, tun tsokarsa ba ta fara rauni ba.